Ƙona ciwon daji tun bai kankama ba: Me wannan fasaha za ta tsinana wa mai “olsa” a Dutse?

A kasuwar Shuwarin ko a kowane kemis na cikin garin Dutse, da wuya rana ta faɗi ba a sayar da maganin “olsa” ba. Mutum zai zo yana dafe da ƙirji, ya ce wuta na cin sa daga ciki har wuya, ko ruwa mai tsami na taso masa da zarar ya kwanta. Mai kemis ya miƙo Omeprazole ko kwalbar farin maganin nan na ruwa, ya biya ya tafi. Wani ma ba ya zuwa kemis ɗin, jar kanwa yake jiƙawa. Akwai wanda ya haura shekara goma a haka ba tare da wani likita ya taɓa leƙa cikinsa ba.

Mafi yawan waɗannan mutane babu abin da zai same su illa wahalar ƙwarnafi. Amma akwai ’yan tsiraru da wannan ruwan tsami yake sauya musu fatar cikin maƙoshi sannu a hankali, kuma a cikinsu akwai waɗanda sauyin zai rikiɗe ya zama ciwon daji. Likitoci a Turai da Amurka sun shafe kusan shekara 20 suna tare wannan hanya ta hanyar ƙone fatar da ta lalace kafin ta zama sankara, ba tare da an tsaga mutum ba.

Yanzu da asibitin Rasheed Shekoni na Dutse ya koma hannun gwamnatin tarayya ya zama asibitin koyarwa na Jami’ar Tarayya ta Dutse, kuma ake ta zuba kuɗi a fannin ciwon daji a ƙasar nan, ya dace a tambaya: ina irin wannan aiki ya faɗo a jerin buƙatunmu?

Abin da tsami ke yi wa maƙoshi

Maƙoshin da ake magana a kai shi ne bututun da abinci ke bi daga wuya zuwa tumbi, tsawonsa kamar santimita 25 a jikin babba. A ƙarshensa akwai wata tsoka mai aiki kamar ƙyaure: ta buɗe abinci ya wuce, ta rufe kada ruwan tumbi ya dawo. Tumbi yana da fata mai jure asid. Maƙoshi ba shi da ita.

Idan ƙyauren ya yi sako-sako, asid ya riƙa tasowa shekara da shekaru, sai jikin wasu mutane ya sauya fatar ƙasan maƙoshi da wata iri mai kama da ta hanji. Wannan yanayi ake kira Barrett, da sunan Norman Barrett, wani likitan tiyata haifaffen Ostareliya da ya yi aiki a Landan, wanda ya yi rubutu a kai a shekarar 1950.

Barrett ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya da wata alama tasa ta daban. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka wallafa a 2011, ya bi diddigin mutum sama da 11,000 masu Barrett, ya gano cewa kusan mutum ɗaya ne kawai cikin dubu ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. Saboda haka ba kowane mai Barrett ake ƙonawa ba. Wanda ake nema shi ne wanda ƙwayoyin fatarsa suka fara baudewa, suka fita daga kamanninsu na asali amma ba su kai ga zama sankara ba. Baudewar tana da mataki biyu, ƙarama da babba, kuma ba a gane ta sai an tsinko ɗan nama an duba shi ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji.

A riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin za mu dawo kanta.

Yadda ake ƙunar

Bahaushe ya san magani da wuta. Kakanninmu sun yi sakiya, inda ake gasa ƙarfe a huda kumburi. Amma kamannin bai wuce nan ba, kuma kada wani ya ji wannan labari ya nufi wurin wanzami.

A nan, ana ba majiyyaci maganin da zai sa shi gyangyaɗi, sai a zura masa siririn bututu mai kyamara da fitila ta baki, wato endoskof. Tare da shi ake shigar da wata ’yar na’ura, ko dai balan-balan da aka naɗe da siraran wayoyi wanda ke ƙone zagayen bututun baki ɗaya, ko ɗan faranti kamar farce da ake maƙalawa a bakin kyamarar don ƙone tabo ɗaya-ɗaya. Na’urar na sakin makamashi irin na igiyar rediyo na kamar daƙiƙa ɗaya, zafin ya cinye fatar sama wadda kaurinta bai wuce milimita ɗaya ba, ya bar tsokar ƙasa lafiya. Likitoci na taƙaita sunan aikin da RFA.

Yawanci a ranar ake sallamar mutum. Zai yi ’yan kwanaki yana jin zafin ƙirji da ciwo wajen haɗiya, yana shan abu mai ruwa-ruwa. Sai a ɗora shi kan maganin rage asid mai ƙarfi, domin idan babu tsami a wurin, fatar da za ta tsiro irin ta asali ce. Bayan wata biyu ko uku a sake leƙawa, a ƙone abin da ya rage. Galibi sai an yi zama biyu ko uku. Idan kuwa akwai wani ƙullutu da ido ke gani, ba a ƙona shi. Yanke shi ake yi ta cikin bututun a kai gwaji, saboda ƙuna ba ta barin naman da za a duba.

Kafin zuwan wannan hanya, mai babbar baudewa sau da yawa tiyata ake yi masa a cire maƙoshin, a janyo tumbi sama a haɗa. Aiki ne babba mai hatsari, kuma wanda ya tsira ba ya komawa cin abinci kamar da.

Shaidar ingancin ƙunar ta fito ne daga gwaje-gwaje biyu da suka shahara. Na farko an yi shi a Amurka ƙarƙashin jagorancin Dokta Nicholas Shaheen, aka wallafa a 2009, da majiyyata 127. Bayan shekara guda, baudewar ta ɓace a jikin kusan kashi 90 cikin 100 na masu ƙaramin mataki da aka ƙona, da kashi 81 na masu babban mataki. Ciwon daji ya bayyana a kashi 1.2 na waɗanda aka ƙona, amma ya bayyana a kashi 9.3 na waɗanda ba a yi wa ba.

Na biyu an yi shi a Turai, aka wallafa a 2014, da majiyyata 136 masu ƙaramar baudewa. Cikin shekara uku, cutar ta ci gaba a kashi 1.5 na waɗanda aka ƙona, sannan ta ci gaba a kashi 26.5 na waɗanda aka bari ana sa musu ido kawai. Tazarar ta yi yawan da sai da aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa.

Aikin yana da nasa illolin. Wanda ya fi yawa shi ne tsukewar maƙoshi bayan ƙunar ta warke, abin da ya samu kashi 6 a gwajin Amurka da kusan kashi 12 a na Turai, sai an sake shiga an faɗaɗa. Kuma Barrett na iya dawowa, don haka wanda aka yi wa ba ya rabuwa da zuwa a leƙa shi lokaci-lokaci.

Amma shin ciwonmu ke nan?

Nan ne maganar ta ɗan karkace, kuma nan ne masu ɗokin “a kawo mana irin na Turai” ya kamata su dakata.

Ciwon dajin maƙoshi iri biyu ne. Wanda ke fitowa daga Barrett ya fi kama farar fata, maza, waɗanda suka haura shekara 50, masu teɓa da masu shan taba. Shi ne ya fi yawa a Birtaniya da Amurka. Amma a duniya baki ɗaya, inda ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum kusan 511,000 sun kamu a 2022 kuma kusan 445,000 sun mutu, fiye da kashi 80 cikin 100 ɗaya nau’in ne, wanda ke tasowa daga fatar maƙoshi ta asali ba tare da ya bi ta Barrett ba.

Wannan nau’i na biyu shi ne na Afirka da Asiya. Ya yi katutu a gabashi da kudancin Afirka, daga Habasha da Kenya zuwa Tanzaniya da Malawi, sai kuma arewacin Sin da yankin Golestan na Iran. Yammacin Afirka bai kai su ba ko kusa. Abubuwan da ake dangantawa da shi sun haɗa da taba, barasa, hayaƙin itace, ƙarancin ’ya’yan itatuwa da ganye a abinci, da shan abu mai tsananin zafi. A 2016 hukumar ta sanya abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Wanda ya saba zama a teburin mai shayi da asuba, ko ya ga yadda ake kurɓar koko yana tururi, ya san wannan gargaɗi bai tsaya a Iran ba. Barin kofi ya huce na ’yan mintuna ba ya cin ko kwabo.

Shi ma wannan nau’i yana da matakin baudewa kafin ya zama sankara, kuma hanyar gano shi mai sauƙi ce: a lokacin leƙawa a fesa ruwan aidin a cikin maƙoshi. Lafiyayyar fata ta rine ta yi duhu, wurin da ya lalace ya ƙi karɓar rini. Da wannan dabara Sin ta daɗe tana tantance mazauna ƙauyuka a yankunan da cutar ta fi yawa, kamar Linzhou a lardin Henan. An gwada ƙunar RFA a kan irin wannan baudewa a can, amma a mafi yawan lokuta yankewa ta cikin bututu aka fi zaɓa.

Akwai kuma wani abin mamaki. Ƙwayar cutar nan ta Helicobacter pylori, wadda ke haddasa gyambon ciki na gaskiya kuma ta yaɗu sosai a Najeriya, bincike ya nuna masu ɗauke da ita ba su cika samun Barrett ba. Ba dalili ne na barin ta ba, domin ita ce babbar silar ciwon dajin tumbi. Amma ta ƙara nuna cewa taswirar cututtukan cikinmu ba irin ta Landan ba ce.

A Najeriya, inda aka ƙiyasta sabbin masu ciwon daji sama da 120,000 da mace-mace kusan 80,000 a 2022, na mama da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa ne a sahun gaba. Na maƙoshi yana can baya. To amma “baya” a ƙididdiga ba ta nufin babu, musamman a inda ba a cika leƙawa ba. Kuma rayuwar birni na sauyawa: zaman ofis, teɓa, shisha, cin abinci mai maiƙo da daddare a kwanta. Waɗannan su ne takin ƙwarnafi.

Inda gizo ke saƙar

Ko da a ce gobe an sauke na’urar ƙunar a Dutse, wa za a ƙona?

Kafin mutum ya kai ga wannan gado, sai ya tsallake matakai da dama. Sai wani ma’aikacin lafiya a Kiyawa ko Jahun ko Gwaram ya ji labarinsa ya ce wannan “olsa” ta wuce ta kemis. Sai an samu endoskof mai aiki, da likitan da ya ƙware wajen gane sauyin launin fata, da wutar lantarki da ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba, da kayan wanke bututun tsakanin majiyyaci da majiyyaci. Sai an tsinko nama daga wurare da dama. Sai likitan ɗakin gwaji ya duba ya ce akwai baudewa. Kuma ƙa’idar da ƙungiyoyin likitocin ciki ke bi ita ce sai likita na biyu ya tabbatar, saboda ƙaramar baudewa na da wuyar ganewa, har ƙwararru kan saɓa a kanta. A gwajin Turai ɗin nan, sai da kwamitin ƙwararru ya sake duba naman kowane majiyyaci kafin a karɓe shi.

Kowane mataki a nan mutum yake buƙata, ba inji kaɗai ba. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin ’yan shekarun nan. Jihohi irin Jigawa sau biyu abin ke dukansu: wasu su tafi Saudiyya ko Birtaniya, waɗanda suka rage kuma Kano da Abuja su janye su.

Sannan ita kanta na’urar ba saye ɗaya ba ne a huta. Kan da ke yin ƙunar sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, daga waje ake shigo da shi, da dala ake biya. Asibitin da ke ganin mai irin wannan baudewa jefi-jefi ba zai iya riƙe kayan ba, likitansa ma hannunsa ba zai faɗa ba. Mun sha ganin injuna masu tsada a asibitocin gwamnati a faɗin ƙasar nan an lulluɓe su da leda saboda babu mai sarrafawa ko babu kayan gyara.

A ganina, idan za a yi wannan aiki a arewa maso yamma, wuri ɗaya ya ishe shi a yanzu, kuma hankali ya fi karkata ga manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano ko na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda majiyyata daga jihohi da yawa ke haɗuwa. Daga Dutse zuwa Kano tafiyar kamar awa biyu ce. Abin da Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ke buƙata shi ne ƙarfin ganowa da turawa: ɗakin leƙa ciki da ke aiki kowane mako ba sai an yi sa’a ba, ɗakin gwajin nama da ke fitar da sakamako cikin kwanaki ba watanni ba, da takardar turawa da za ta sa majiyyaci ya isa Kano an san da zuwansa.

Kuɗin da aka kashe a kan endoskof ba ya tsayawa kan maƙoshi. Da shi ake tabbatar da gyambon ciki, a gano ciwon dajin tumbi, a ɗaure jijiyoyin da ke fashewa su sa mai ciwon hanta aman jini, a ciro tsabar kuɗin da yaro ya haɗiye. A yankin da ciwon hanta nau’in B ya yi yawa, wannan kaɗai ya isa hujja.

A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sabbin cibiyoyin kula da ciwon daji a Katsina da Inugu da Benin. Abin a yaba ne, domin masu buƙatar gashi sun daɗe suna bin dogon layi. Sai dai waɗannan cibiyoyi na tarbar cutar ne bayan ta girma. Ciwon dajin maƙoshi kuwa mugu ne idan ya girma: ko a Amurka, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke kai shekara biyar bayan an gano shi. Ribar duk tana farkon hanya, kuma farkon hanya ba ya da ginin da za a yanke kyalle a ɗauki hoto.

Akwai misali a kusa na inda ƙuna ta dace da halinmu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa’idojin ƙone baudewar bakin mahaifa da wata ’yar na’ura mai batir, wadda ma’aikaciyar jinya ko ungozoma da aka horar za ta iya riƙewa a ƙaramin asibiti, aikin bai kai minti ɗaya ba. Tunanin ɗaya ne da na maƙoshi, amma cutar ta fi yawa a cikinmu nesa ba kusa ba, kayan kuma sun fi araha. Jigawa na cikin jihohin farko da aka fara rigakafin HPV ga ’yan mata a watan Oktoban 2023. Idan ana neman inda naira za ta fi ceton rai da wuta, can ne farko.

A ɓangaren maƙoshi ma akwai abin da ya kamata a sa wa ido. Masu bincike a Jami’ar Kambirij ƙarƙashin Farfesa Rebecca Fitzgerald sun ƙirƙiro wani ɗan soso da ake cusawa cikin ƙwanson magani mai zare. Mutum ya haɗiye, ƙwanson ya narke a tumbi, a janyo zaren, soson ya kwaso ƙwayoyin fatar maƙoshi. A gwajin da aka wallafa a 2020, an gano masu Barrett ninki goma fiye da yadda aka saba. Ma’aikaciyar jinya ce ke yi, babu kyamara. Amma shi ma soson ɗakin gwaji yake komawa.

Wa ya kamata ya daina zuwa kemis?

Ba kowane mai ƙwarnafi ne ke buƙatar a leƙa shi ba, kuma babu tsarin lafiyar da zai iya ɗaukar hakan. Da yawa za su samu sauƙi idan suka rage teɓa, suka bar taba, suka bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, suka ɗaga gefen kan gado. Masu komawa barci nan take bayan sahur sun san yadda tsamin ke tasowa da hantsi. Masu shan Ibuprofen da Diclofenac kullum don ciwon jiki bayan aikin gona kuma su sani waɗannan na cin tumbi.

Amma namijin da ya haura 50, ya shafe shekara biyar ko fiye yana fama da ƙwarnafi kusan kowane mako, ga tumbi ko ga sigari, ya dace ya nemi ganin likita ya yi maganar leƙawa ko da maganin kemis na kwantar masa. Matsalar Omeprazole ke nan: yana kashe zafin, ba ya faɗa maka abin da ya riga ya faru da fatar.

Sai kuma alamomin da ba a jira da su ko mako guda, a kowane shekaru: abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, amai da ya ƙi tsayawa. Tsayawar abinci tana da tsari da iyalai da yawa za su gane. Da fari nama ne ke ƙin wucewa, sai mutum ya daina cin nama ya yi shiru. Sai tuwo, ya koma fura da kunu. Kafin a ce ruwa ma ya gagara, watanni sun shuɗe, an zagaya wurin masu magani, wani lokaci an ce sammu ne. A wannan mataki ƙunar da muke magana ba ta da sauran amfani. Abin da ya rage sau da yawa shi ne a saka ɗan bututun ƙarfe ya buɗe hanya don mutum ya samu ya haɗiyi abinci.

Kuɗi ne ke sa mutane jinkiri, ba jahilci kaɗai ba. Ga manomin da ke Miga ko Buji, kuɗin mota da na leƙawa da na gwajin nama na iya cinye abin da ya samu a buhunan riɗi. Jigawa na da hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya tare da tanadin asusu don marasa galihu. Tambayar da ’yan majalisar dokokin jiha za su iya yi a zaman kasafin kuɗi mai zuwa gajeriya ce: idan likita a babban asibitin Dutse ya rubuta wa mai katin JICHMA a leƙa cikinsa a tsinko nama, nawa zai biya daga aljihunsa, a ina za a yi, kuma kwana nawa zai jira sakamako?